DAGA ƊAKIN EDITIN: Faifan ajiya ko firosesa, wanne edita zai fara saya?

Duk lokacin da aka zo hirar fim, hankalin kowa ya na kan jarumi da jaruma, sai mawaƙi, sai darakta. Ba kasafai ake tunawa da bawan Allahn da ke kwana a gaban kwamfuta ya na haɗa hoto da sauti ba, wato edita. To, yau filin nasa ne, shi da akwatin aikin sa.

A ɗauka ga wani matashi da ya koyi editin a ɗaya daga cikin sitidiyoyin Zoo Road a Kano. Allah ya tarfa wa garin sa nono, wani furodusa ya ba shi aikin fim mai dogon zango, irin wanda ake sawa a YouTube duk mako, har ya ba shi kafin alƙalami. Sai dai kwamfutar sa ta tsufa, aiki ta ke yi kamar mai ciwon ƙafa. Kuɗin hannun sa kuma abu ɗaya kacal za su saya. Wannan abokin ya ce, "Sauya firosesa kawai, ai shi ne ƙwaƙwalwa." Wancan ya ce, "Ina! SSD za ka saka." Idan ya yi kuskuren zaɓi, kuɗi sun tafi, ranar sakin fim ta zo babu fim, furodusa kuma ya nemi wani edita. To, maganar wa zai bi?

Kafin amsa, ya kamata a san yadda nauyin aikin ya ƙaru. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da "Turmin Danya" a 1990, zamanin kaset ɗin bidiyo ake. Da aka shiga shekarun 2000, ƙaramin kaset na MiniDV ya shigo, ana juye shi cikin kwamfuta ta wayar FireWire, kuma awa ɗaya ta hoto ta na cin kusan gigabayit 13. Yau kuwa kamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 cikin daƙiƙa ta na cinye gigabayit 45 a awa ɗaya, kuma hoton 4K ya ninka na 1080 sau huɗu wajen yawan ɗigo. Ke nan faifai da firosesa duk su na shan wahala, amma ciwon kowanne daban, maganin sa ma daban.

Faifan ajiya shi ne sito. Tsohon samfuri, wato HDD, faranti ne a ciki ya na juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke kai-komo ta na neman abin da aka tambaya. Saurin sa bai cika wuce megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa ba. Shi kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikin sa. Mai amfani da mahaɗar SATA ya na kai kusan megabayit 550, samfurin NVMe kuma ya na kai 3,500, wani ma 7,000. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne SSD ba ya ɓata lokaci wajen lalube. Edita kuwa aikin sa ke nan: ya janyo sin daga nan, waƙa daga can, muryar da aka sake ɗauka daga wani wurin.

Firosesa kuma shi ne ma'aikacin da ke sarrafa kayan da aka fito da su daga sito. Yawancin kamarori da wayoyin yanzu su na matse hoto da tsarin H.264 ko H.265 don kada ya ci wuri. A wannan tsari ba kowane hoto ake ajiyewa cikakke ba. Sai a ajiye ɗaya, sauran kuma a rubuta bambancin su kawai. Kafin edita ya ga komai a allo, sai firosesa ya warware wannan ƙulli. Haka nan gyaran kala, da rage hayaniyar hoto, da renda, duk a wuyan sa su ke, shi da katin hoto.

Saboda haka mai hankali ba ya sayen magani sai ya san ciwo, kuma gwajin kyauta ne. Edita ya buɗe aikin da ya fi wahalar da shi a Premiere Pro ko DaVinci Resolve, ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito. Idan faifai ya tsaya a kashi 100 alhali firosesa ya na hutawa, to sito ne ya ke riƙe aiki. Alamomin sa sanannu ne: kwamfuta ta daɗe ba ta tashi ba, buɗe aiki ya zama jiran gawon shanu, jan hoto gaba da baya ya riƙa sarƙewa. Idan kuwa firosesa ne ya ke kashi 100 faifai na zaune, hoto ya na tsalle-tsalle da zarar an ɗora kala, renda ta na cin dare guda, to ma'aikacin ne ya gaji. A leƙa RAM ma. Kamfanin Adobe ya na ba da shawarar gigabayit 16 don aikin HD, 32 don 4K. Wanda ke fama da 8, ta yiwu nan ne matsalar sa.

Ga wanda har yanzu Windows ɗin sa ke kan faifai mai juyawa, maganar gaskiya SSD ne farko. Dalili na ɗaya, kusan kowace kwamfuta ta na karɓar sa, ko a ciki ko ta waje, kuma ranar da aka sauya kwamfuta ana iya cire shi a tafi da shi. Firosesa ba haka ya ke ba. A yawancin laftof an like shi da dalma a jikin bod, ba ya ciruwa. A babbar kwamfuta ta tebur kuma sai gurbin sa ya dace. Kamfanin Intel ya saba sauya gurbi bayan zubi biyu-biyu, don haka sabon firosesa kan janyo sabon bod, wani lokaci har da sabon RAM. An je sayen abu ɗaya an dawo da bashin uku. Masu bod ɗin AMD mai gurbin AM4 su ne su ka more, domin ya na ɗaukar Ryzen tun na 2017 har zuwa zubin 5000, idan bod ɗin ya yarda kuma an sabunta BIOS.

Dalili na biyu, ciwon firosesa ya na da dabara. Edita zai iya yin furoksi, wato ƙananan kwafin hotuna masu sauƙin buɗewa, ya yi yanke-yanken sa da su, sai a wajen renda manhajar ta koma kan na asali. Amma furoksi wuri ya ke ci, ka ga an sake dawowa kan faifai. Sannan kafin a yanke wa firosesa hukunci, a buɗe akwatin a kakkaɓe ƙurar hunturu, a sauya man da ke tsakanin sa da fanka. Firosesa idan ya ji zafi da kan sa ya ke rage gudu, zafin bazara a Kano kuwa ba sai an ba kowa labari ba.

Akwai inda sauya firosesa ya zama dole. Idan an riga an saka SSD, RAM ya wadata, amma renda ce ke sa a makara duk mako, to babu makawa. Haka wanda firosesan sa na Intel bai kai zubi na 8 ba: Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta amince da yawancin waɗanda su ka girmi wannan zubin ba. Irin wannan gara ya tara kuɗi ya sauya kwamfutar ɗungurungum, da ya yi ta gyaran gangar auzinawa.

Saura babbar magana. Firosesa mai nawa lokaci kawai ya ke ci. Faifai kuwa idan ya mutu, da fim ɗin ya ke tafiya: kuɗin lokeshin, sallamar 'yan wasa, wahalar kwana da kwanaki, duk sun bi ruwa, kuma ba kowane jarumi zai dawo a sake ɗauka ba. SSD ma ya na mutuwa, sau da yawa ba tare da gargaɗi ba, kuma ceto abin da ke cikin sa ya fi wuya. Don haka wancan matashi, idan ya saka SSD, kada ya sayar da tsohon faifan sa. Ya mai da shi wurin ajiye kwafi na biyu, kuma kada ya goge katin kamara sai ya tabbata hotunan su na wuri biyu. In canji ya ragu, ya haɗa da UPS saboda ɗauke wuta. Rigakafi dai ya fi magani.

Sai an haɗu a fitowa ta gaba.