Bishop ɗin da ya sauka daga kujera da ƙafarsa

A shekarar 1961, Nijar ba ta cika shekara guda da samun ƴancin kai ba, Paparoma ya naɗa wani Bafaranshe mai suna Hippolyte Berlier bishop na farko a Yamai. Ƙasa ce ta Musulmi, Kiristocinta ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, galibin ƴan Katolikanta kuwa a lokacin baƙi ne, ma'aikata da ƴan kasuwa daga Dahome da Togo da Haute-Volta. Duk wanda aka turo wuri irin wannan ya san ba zai cika majami'a da sababbin mabiya ba. To me ya zaunar da shi?

Aiki ne ya zaunar da shi. A zamaninsa lakwal-lakwal na Mishan suka bunƙasa, ga ɗakunan shan magani a ƙauyukan da gwamnati ba ta kai gare su ba, ga rabon abinci lokacin yunwar 1973 da 1974. Ku leƙa ofisoshin Yamai ku tambaya: mushe nawa, likita nawa, matan manya nawa suka bi ta Mishan ko ta makarantar Mariama, suka fito da sallarsu da azuminsu? Berlier ya halarci babban taron Vatikan na biyu, wanda a 1965 ya fitar da matsayar girmama Musulmi, kuma a nan ba a takarda ta tsaya ba.

Ba na cikin masu wanke Mishan tas. A ƙarƙashin inuwar mulkin mallaka ta shigo, wannan ba ya gogewa. Makarantun da aka kafa don ƴaƴan kowa, yau kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Sa'annan sai da aka shekara 53 kafin ɗan ƙasa ya hau kujerar Yamai, jinkirin da ba ya da wani uzuri mai gamsarwa.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shekarar 1984. Dokar Katolika ta ce bishop ya miƙa takardar murabus idan ya cika shekara 75. Berlier yana da 65 ya ajiye muƙamin, bayan shekara 23 a kai. Babu soja a ƙofarsa, babu zanga-zanga, babu wanda ya tilasta masa. Bai kuma koma Faransa cin hutu ba. Ya nufi yankin Agadas, ya zauna cikin Buzaye, a can ajali ya same shi a 1992. Bayan shekara 30, Michel Cartatéguy, wanda ya zama babban bishop na Yamai a 2007, ya bi sawunsa: yana da shekara 62 ya sauka a 2014, aka naɗa Laurent Lompo, ɗan Nijar, Bagurmance.

Yanzu mu juya ga namu tarihin. An tumɓuke Diori a 1974. Kunce ya rasu kan mulki a 1987. An hamɓarar da Mahamman Usman a 1996, aka kashe Ba'are a filin jirgi a 1999. Tanja, wanda da ya tafi a 2009 da ya tafi da mutuncinsa cif, ya zaɓi tazarce, sojoji suka ɗauke shi a Fabrairun 2010. Ali Shaibu a 1993 da Isufu a 2021 sun miƙa wa zaɓaɓɓe, shi ma zaɓaɓɓen na 2021 bai wuce Yulin 2023 ba. Wani zai ce kujerar bishop ba ta da baitulmali, ba ta da uraniyom, saukarta ba wuya. Da gaskiyarsa, amma rabi. Mun sha ganin mutum ya manne wa shugabancin ƙungiyar iyayen yara ta unguwa, wadda asusunta bai kai kuɗin buhun gero ba. Ba dukiya kaɗai ke riƙe mutum a kujera ba, har da tsoron ranar da zai shigo wuri ba a miƙe masa ba.

Da me muka saka wa magadan Berlier? A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Paris, aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, wuta ta ci har da makarantu, mutum goma suka rasa rayukansu. Zanen ya ɓata mana rai, babu musu. Sai dai waɗanda aka ƙona wa ba su suka zana ba, ajujuwan da suka ƙone kuwa ƴaƴan Musulmi ne suka fi yawa a kan bencinansu.

An rushe jam'iyyu a Maris na 2025, saboda haka ba su nan balle a yi musu nasiha. Amma sandika tana nan, ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi da Tawa da Damagaram suna nan. Ya kamata kowace ta buɗe kundin dokokinta, ta duba ko an rubuta wa shugaba wa'adi, ta kuma duba shekarar da aka yi zaɓe na ƙarshe.