Fili Ne Mai Kyau, Babu Kura, Babu Kara

Na san na yi muku alƙawarin ci gaba da maganar yaye a wannan makon, to ku yi mini afuwa, za mu koma mata. Wani abu ne ya faru a gidanmu na Achika, na ga idan ban ba ku labarinsa ba zai yi ta cina a rai.

Goggona, ƙanwar mahaifinmu, mijinta ya rasu bara waccan. Da aka raba gado, tumuninta ya faɗo a kan wani fili a bayan gari. Ga autanta ya samu gurbin karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022, ga 'yarta an sa rana, babu ko cokali na kayan ɗaki. Sai ta ce a sayar da filin. Dillalan gari suka taya, tayin bai yi mata ba. Autan ya ce ai yanzu kai ya waye, bari ya sa a WhatsApp da Facebook, kafin sati masu saye za su yi layi. Wata uku, shiru kamar an shuka dusa.

Ina aikin dare ya turo mini tallan, wai in taya shi yaɗawa a zauren ma'aikatanmu. Ga shi nan yadda ya rubuta, ban taɓa ko harafi ɗaya ba:

"FILI NA SAIDAWA a achika. 50/50. unguwace mai kyau babu kura babu kara. baya cikin kwari. kusa da titi kusa da komai. akwai ruwa. takardu cif. sai mai rabo banda yan wasa"

Ƙarfe biyun dare, ɗakin marasa lafiya tsit, ni kuma na toshe baki da mayafi ina ta shessheƙar dariya har abokiyar aikina ta taso a guje, ta zaci wani abu ne ya same ni. Na miƙa mata wayar. Ta karanta ta ce, "To alhamdulillahi, tunda babu kura ai awakinmu sun tsira."

Ƙura yake nufi, bawan Allah. Wannan da sauƙi, kowa zai yi dariya ya gane. "Babu kara" ce ta fi wuya. Mutumin ƙasar Wudil idan ya ji kara, abin da zai fara zuwa masa shi ne kasuwar shanu ta ranar Juma'a. Manomi kuma zai ɗauka an kwashe karan dawa an share filin. Da na tambayi yaron, ashe ƙara yake nufi, wato babu wata shari'a a kan filin a kotu. Kun ga magana mafi tsada a duk tallan, wadda mai saye ya fi son ji game da filin gado, ta tafi a banza saboda lanƙwasa ɗaya da ba a yi wa harafi ba.

Amma wadda ta kashe kasuwar ita ce "baya cikin kwari". Yaro yana so ya ce filin ba ya cikin kwari, tudu ne. Ya haɗe kalmomi biyu wuri guda, magana ta juye ta zama bayan filin yana cikin kwari. Mutum ɗaya tak ya kira a wata ukun nan, tambayarsa kuwa ita ce, "Ƙafa nawa ne daga bayan ya faɗa kwarin?" Yaron ya zaci tsokana ce, ya kashe wayar.

Tun daga daren nan na shiga tara irin waɗannan tallace-tallace, abokan aiki suna turo mini. Da yake jami'a da kwalejin 'yan sanda sun ja jama'a zuwa Wudil, tallan haya da na filaye ba sa yankewa a wayoyinmu. Akwai mai "gida mai ciki biyu", ungozomarmu ta ce a kawo shi awo ranar Talata. Akwai wanda ya rubuta "unguwar akwai fada", ka rasa fadar hakimi ce ko dambe ake kwana yi. Wani ya ce "bandaki na kowa", alhali so yake ya ce kowa da nasa. Wani kuma "daki ya fadi sosai", mai faɗi yake nufi, ba rushewa ya yi ba. Har bango bai tsira ba. Kun san rubutun da ake yi da fenti don tsoron 'yan damfara, "Wannan gida ba na sayarwa ba ne". Wata ta turo mini hoton wani da ruwan sama ya wanke "ba" ta farko, aka yi ta yi wa mai gidan sallama ana tambayar nawa ya sa.

Maganin rabin wannan yana cikin wayar da kike riƙe da ita yanzu. A Gboard akwai Hausa, idan kin ƙara ta a jerin harsuna za ki samu ƙ da ɗ da ɓ. Idan kuma abin ya gagara, sauya kalmar. Maimakon "babu kara" ki ce "babu shari'a a kansa". Maimakon "baya cikin kwari" ki ce "tudu ne".

Sai dai ba duk kuskure ne na dariya ba, kuma ba duka ne kuskure ba. Ni ganau ce. Shekarun baya na ɗauki adashi, na ce ni ma bari in mallaki abin da zan nuna wa 'ya'yana. Na ga talla: "fili kusa da titi, akwai ruwa". Wani dillali ya kai ni a watan Maris, ƙasa ta bushe ƙayau, wuri shimfiɗe gwanin sha'awa. Ban tambayi wane irin ruwa ba, na ɗauka rijiya ce ko famfo a kusa. Nan take na ba da kafin alƙalami. Maigidana ya ce kar in cika sauran sai mun koma a watan Agusta. Na yi ta fushi ina ganin zai sa a riga ni. Da muka koma, agwagi muka tarar suna iyo a inda na ce nan ne ɗakin yara. Dillalin ko a jikinsa, ya ce, "Hajiya, ai an rubuta akwai ruwa." Da ƙyar da shiga tsakanin manya na karɓo rabin kuɗina. Zubin wata huɗu ya tafi.

A ƙasarmu maganar ruwa ba abin da za a dunƙule a kalma biyu ba ne. Kogin da ke ratsa Wudil ruwan Challawa ne da na kogin Kano suka haɗu, ya wuce Haɗeja, kuma duk wadda ta ga abin da daminar 2022 ta yi wa maƙwabtanmu na Jigawa ta san bambancin tudu da kwari. Ko ambaliya ba ta zo ba, ruwan da ya kwanta a bayan gida mu muke ganin sakamakonsa a asibiti daga Agusta zuwa Oktoba: yara jiki zafi rau, gado ɗaya mutum biyu.

A aikinmu na jinya akwai abin da aka horar da mu a kai tun muna ɗalibai. Idan za ki tashi daga aiki, za ki rubuta wa wadda za ta karɓe ki bayanin kowane mara lafiya. Ba a rubuta "jikinsa da sauƙi". Sai ki ce zafin jikinsa kaza ne da ƙarfe kaza, ya sha magani kaza, ya yi amai sau biyu. Dalili shi ne wadda za ta karanta ba ta nan lokacin da abin ya faru, rubutunki ne idonta. To haka tallan gida ko fili yake, musamman a wurinmu mata. Namiji zai hau babur ya je ya zagaya sau uku, ya tsaya a majalisa ya ji tarihin wurin. Mace kuwa sai ta nemi izini, ta nemi ɗan rakiya, ta nemi mai riƙe mata yara, ta biya kuɗin mota. Sau da yawa ganin farko shi ne na ƙarshe, wata ma ba ta zuwa sam, ɗan'uwa take turawa. Abin da aka rubuta shi take sa kuɗin adashinta ko na gadonta a kai.

Shi ya sa kalmar "kusa" take ba ni haushi. Kusa a wurin wa? Mai babur ko mai goyo? A ce tafiyar minti kaza ce a ƙafa zuwa titi, zuwa makaranta, zuwa inda ake ɗiban ruwa. Haka "50/50". Hamsin ɗin me? Ƙafa ce aka auna da tef, ko taku ne? Idan taku ne, na dogo ko na gajere? Kuma a lura, ƙafa 50 sau 100 ninki biyu ne na 50 sau 50, amma 100 sau 100 ninki huɗu ne. Na ga wadda aka ruɗa da wannan lissafin wajen sa kuɗi, ta sayar da nata a rabin darajarsa.

Ga wani abu da ban taɓa gani a talla ba, alhali ya fi tayil da silin muhimmanci. Masana tsaftar muhalli suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. Fili mai ƙafa 50 kowane gefe kusan mita 15 ne, ko daga kusurwa zuwa kusurwa aka ja igiya ba zai kai mita 22 ba. Ke nan idan an ce miki ƙaramin gida ne "da rijiya a ciki", kafin ki yi murna ki tambayi ina ramin masai yake, naku da na maƙwabta. Ruwan zai yi wanki da wanke-wanke, amma na sha sai an tafasa ko an sa masa magani.

Sai "takardu cif". Waɗanne? Takardar ciniki da mai unguwa da dagaci suka sa hannu daban, takardar rabon gado daban, shaidar mallaka ta gwamnati daban. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya. Don haka mai sayarwa ya faɗi sunan takardar da ke hannunsa, ya faɗi ko awon gwamnati ne ko awon igiya. Idan gado ne, an raba ko ba a raba ba? Filin da magada goma ke da haƙƙi a kai, mutum ɗaya ya sa a kasuwa, wannan ba fili za ki saya ba, zaryar kotu ce.

Da na samu hutu na tafi Achika da tef ɗin wani magini. Muka kira mai unguwa da maƙwabtan iyaka, aka auna. Ashe gefe ɗaya ma ƙafa 48 ne. Na zauna a tabarmar Goggo na rubuta:

"Fili na sayarwa a Achika, ƙaramar hukumar Wudil. Gaba ƙafa 50, baya ƙafa 48, tsawo ƙafa 50, an auna da tef a gaban mai unguwa. Awon igiya ne. Tudu ne, ruwa ba ya kwanciya a ciki, amma da damina hanyar shiga tana yin laka. Tafiyar minti goma ce a ƙafa zuwa makarantar firamare. Babu rijiya a ciki, akwai famfon tuƙa-tuƙa a layin. Wutar lantarki ba ta iso layin ba tukuna. Gado ne da aka riga aka raba, akwai takardar rabon da ta dagaci, babu shari'a a kansa. Mai so ya zo ya gani, ko da damina ne."

Na sa farashi a ƙasa, na kuma faɗi wanda zai biya la'ada idan dillali ya shiga. Da na karanta mata, Goggo ta riƙe baki.

"Ke 'yar nan, talla na ce ki yi mini ko tonon silili? Wa ya aike ki maganar laka da wuta? Har ƙafa biyun ma sai kin faɗa?"

Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri. Duk wanda ya zo zai gani da idonsa. Gara ya taho ya sani, da ya zo ya ga abin da aka ɓoye ya fara zargin takardun ma."

Ta yi shiru, can ta ce dama Malam, Allah ya jiƙansa, ko akuya zai sayar sai ya faɗi aibinta, yana cewa ɓoye aibin kaya yana cinye albarkar ciniki. Ta ce in tura.

Ba zan ce muku waya ta yi ta ruri ba. Mutum huɗu suka kira a sati biyu, amma babu wanda ya tambayi abin da ba shi da kai. Biyu suka zo. Wata malamar makaranta daga wajen Darki ta zo da yayanta ranar da aka kwana ana ruwa, da gangan, ta tattare zani ta taka lakar, ta shiga filin ta ga ƙasa a tsane. Ta nemi ragi saboda ƙafa biyun nan, Goggo ta rage mata kaɗan, aka yi sallama a gaban shaidu. An biya kuɗin makaranta, kafinta kuma ya fara aikin gado da sif.

Autan na karɓi wayarsa na sa masa Hausa a allon rubutu, na nuna masa inda ƙ da ɗ da ɓ suke. Yanzu kuma abin ya zame mana wata fitinar, duk harafin da ya gani sai ya lanƙwasa. Jiya da daddare ya turo mini saƙo: "Yaya na goɗe, sai kin zo ɓiki."