Zaɓen Kalma da Ladabin Magana a Wasiƙar Turanci

Yaron da ya tashi a Tambuwal ko Kebbe ba ya buƙatar a koya masa ladabin magana. Tun kafin ya shiga aji ɗaya ya san yadda ake gaida hakimi da yadda ake gaida aboki, ya san cewa ba a kiran dattijo da sunansa, kuma ana ce wa babba "ku" ko da shi kaɗai ne. To, me ya sa wannan yaro, idan ya kai aji shida na sakandare aka ce ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa da Turanci, sai ya rubuta abin da mai karatu zai ɗauka raini ne ko kuma roƙon bara? Amsar da malamai suka fi bayarwa ita ce ƙarancin kalmomi, sai su ɗora wa yaro haddar manyan kalmomi. A nan kuskuren yake.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, Hausa da Turanci ba wuri ɗaya suke ajiye girmamawa ba. Bahaushe yana ajiye ta a tsawon gaisuwa. Wannan daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Sakkwato, inda wasiƙun malamai da sarakuna na ƙarni na 19, waɗanda aka rubuta da Larabci, kan buɗe da bisimilla da sallama kafin a kai ga "amma ba'adu". Daga nan wasiƙar Hausa ta gaji "gaisuwa mai yawa da fatan alheri, bayan haka". Ɗalibin Dogon Daji ko Sanyinna da ya buɗe takardar neman aiki da tambayar lafiyar shugaba da iyalinsa, wannan gado yake bi, kuma a Hausa ya yi daidai. Amma wasiƙar hukuma ta Turanci tana ganin girmamawa a rashin ɓata wa mai karatu lokaci: kan magana a sama, buƙata a jimlar farko.

Haka kuma, Turanci ba shi da "ku" ta girmamawa, "you" ɗaya ce ga sarki da yaro. Nauyin da wakilin suna ke ɗauka a Hausa, a Turanci ƙananan kalmomi ne irin "would" da "could" da "may" suke ɗaukarsa. Yaron da ya fassara "ina son ku ba ni izini" kai tsaye zai rubuta "I want you to give me permission", wadda a kunnen mai jin Turanci umarni ce. Abin da yake nufi shi ne "I would be grateful if you could grant me permission". Babu wata kalma mai wuya a jimla ta biyu, sauyin yana cikin gininta.

Akwai kuma masu zarce gona da iri, waɗanda ke jera "I humbly beg" da "your most obedient servant", ragowar Turancin akawun zamanin mulkin mallaka da har yanzu ake kwafa daga tsofaffin takardu. Wasu kuwa sukan shigo da gajerce-gajercen WhatsApp irin su "pls" cikin takardar jarrabawa. Masanin harshe M.A.K. Halliday ya nuna cewa abubuwa uku ke tsara irin harshen da ya dace da muhalli: batun da ake magana a kai, dangantakar masu maganar, da hanyar isar da ita. Duk waɗannan kurakurai a na biyun suke.

Lamarin ba ƙarami ba ne. A tsarin ba da maki na hukumar WAEC, rubutun insha'i yana da maki 50, kuma 20 daga ciki na ingancin bayani ne, wato har da dacewar kalma da wanda ake rubuta wa. Ga shi kuma sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a.

Malamin Hausa yana da hannu a gyaran, domin shi ne ya fi kowa sanin abin da yaro ya zo da shi daga gida. Malamin da aka tura Kuci, alal misali, yana iya sa ɗalibai su rubuta buƙata guda, a ce gyaran rijiyar burtsatse, sau biyu da Hausa: ɗaya zuwa ga aboki, ɗaya zuwa ga shugaban ƙaramar hukumar Kebbe. Su da kansu za su ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suka sauya. Daga nan sai a miƙa takardun ga malamin Turanci, a yi irin wannan aiki a darasinsa, a liƙa wasiƙun huɗu a allo, yara su nemo inda "ku" da "ranka ya daɗe" suka koma a wasiƙar Turanci.