Tseren Formula 1: Shin kambun Formula 2 ya isa ya ba matashi kujera?

A ƙwallon ƙafa, ƙungiyar da ta lashe gasar rukuni na biyu a Ingila tana hawa Firimiya kai-tsaye, babu wanda zai hana ta. A tseren motoci lamarin ya sha bamban. Gasar Formula 2 ita ce tsani na ƙarshe kafin Formula 1, amma zakaranta ba shi da tabbacin samun mota a babbar gasar. Ƙari a kan haka, dokar gasar ta hana shi komawa ya kare kambunsa. Idan ƙungiyoyi ba su ɗauke shi ba, sai ya rasa tudun dafawa.

Felipe Drugovich, ɗan Birazil, ya lashe gasar a 2022, ya shafe shekaru uku yana zaman jiran ko-ta-kwana a ƙungiyar Aston Martin, bai shiga tsere ko sau ɗaya ba. Théo Pourchaire na Faransa, zakaran 2023, ƙasar Amurka ya tafi neman gurbi a gasar IndyCar. Hatta Oscar Piastri na Ostireliya, wanda ya ci Formula 3 a 2020 da Formula 2 a 2021, kowacce a shekararsa ta farko, ya kwashe kakar 2022 yana kallo daga gefe kafin McLaren ta ba shi mota a 2023.

A wannan lokacin kuma an ga waɗanda ba su ci kambu ba sun wuce gaba. Kimi Antonelli ya zo na shida a Formula 2 a 2024, amma Mercedes ta ba shi kujerar da Lewis Hamilton ya bari. Oliver Bearman ya zo na 12, Haas ta ɗauke shi. Max Verstappen bai taɓa taka wannan tsani ba. Daga Formula 3 ta Turai, inda ya zo na uku a 2014, ya tsallaka Formula 1 yana ɗan shekara 17.

Mai kallo zai iya cewa zalunci ne tsantsa, sai dai ƙungiyoyin suna da hujjojinsu. Kujeru 20 kacal ake da su har zuwa 2025, kuma tsofaffin matuƙa ba sa saurin sauka, domin Fernando Alonso ya haura shekara 40 yana tuƙi. Kowane matsayi a teburin ƙungiyoyi yana da darajar miliyoyin daloli, don haka ƙungiya tana gudun sabon shiga da zai yi ta farfasa mota. Da Cadillac ta shigo a 2026 kujeru suka zama 22, amma ta zaɓi Sergio Pérez da Valtteri Bottas, tsofaffin hannu, ba ta waiwayi zakarun matasa ba.

Akwai kuma batun yadda aka ci kambun. Charles Leclerc a 2017, George Russell a 2018, Piastri a 2021 da Gabriel Bortoleto a 2024 duk a shekararsu ta farko suka yi nasara, kuma dukansu sun samu shiga Formula 1. Nyck de Vries, Drugovich da Pourchaire kuwa sai a cikakkiyar kakarsu ta uku suka ci. Masu ƙungiyoyi suna ganin wanda ya daɗe a gasar ya riga ya haddace hanyoyi da halin tayoyi, saboda haka nasararsa ta fi nuna sabo fiye da baiwa. Abin da ya faru da De Vries ya ƙarfafa musu gwiwa: AlphaTauri ta ba shi dama a 2023, ta sallame shi bayan tsere goma ba tare da ya samu maki ko ɗaya ba.

Duk da haka, wannan hujja ba ta wanke tsarin gaba ɗaya. Ba cancanta kaɗai ke buɗe ƙofa ba. Nikita Mazepin ya zo na biyar a 2020, ya samu kujera a Haas a daidai lokacin da kamfanin Uralkali, mai alaƙa da mahaifinsa, ya zama babban mai ɗaukar nauyin ƙungiyar. Manyan ƙungiyoyi irin su Ferrari, Mercedes da Red Bull kuma suna da makarantun renon matuƙa, inda suke ɗaukar yaro tun yana tseren ƙananan motoci, su kashe masa kuɗi mai yawa. Idan gurbi ya samu, ɗan gida ake fara dubawa. Drugovich bai shiga irin wannan makaranta ba sai bayan ya kammala lashe gasar, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Hukumar FIA tana buƙatar maki 40 kafin ta ba matuƙi lasisin Formula 1, kuma duk wanda ya zo na ɗaya zuwa na uku a Formula 2 yana samun su nan take. Ma'ana, lasisin bai bambanta zakara da na uku ba.

Tilasta wa ƙungiya ta ɗauki zakara ba zai yiwu ba, domin kamfanoni ne masu zaman kansu, kuma kujeru ba za su ishi sabon zakara kowace shekara ba. Abin da zakara ya cancanta shi ne a gwada shi gwaji na haƙiƙa. Tun 2025 doka ta wajabta wa kowace ƙungiya ta ba sababbin matuƙa mota a atisaye huɗu cikin kaka. Ana iya ware wani kaso na wannan dama ga zakaran Formula 2, a kuma cire dokar da ta hana shi komawa gasar idan bai samu gurbi ba. Matashin da ke cikin gwagwarmaya ya fi wanda ya shekara yana zaune a gareji saurin jan hankalin masu ɗauka.

Idan hukumar ba ta gyara wannan ba, iyaye da masu ɗaukar nauyi da ke zuba kuɗi a ƙananan gasanni za su fahimci cewa shiga makarantar babbar ƙungiya ya fi cin kambu amfani, kuma darajar Formula 2 ce za ta ragu a idon kowa.