A Bar Mu Mu Zauna Mu Ci

Jama'a, duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin malamai da misalin ƙarfe goma da rabi na safe ya san mutumin da zan ba da labarinsa. Yana tsaye a bakin tebur, jan biro a hannun dama, fanke a hannun hagu, ga robar lemo a kan tulin littattafan yara, idonsa kuwa yana kan agogo. Kafin ƙararrawa ta kaɗa ya tura fanke huɗu, ya kora da lemo, ya ɗauki alli ya fice. Da za ka tare shi a hanya ka tambaye shi abin da ya ci, sai ya tsaya ya yi tunani tukuna. To, kada ɗalibai su fara zargin kowa, wannan mutum ni ne, kuma na shafe shekaru a haka.

Abin da ya dakatar da ni ciwon kai ne da ya ƙi jin magani. Da na je asibiti likita ya auna ni, ya ce jinina ya hau, sukarin jinina kuma yana bakin iyaka. Ya ce in rage gishiri da dunƙulen miya, in bar lemon kwalba, in rage soye-soye, in yawaita ganye da wake. Na dawo gida da zafin nama, har uwargida tana mamaki. Mako shida cur ban karya doka ba. Sai lokacin jarrabawa ya zo a watan Mayu, ga zafin Katsina wanda kowa ya sani, ga tsaron jarrabawa da safe, ga duba takardu har dare. Ranar wata Asabar aka yi bikin 'yar wani abokin aikinmu, aka ajiye mini shinkafa da soyayyen nama da lemo mai raɓa. Na cinye tas, har da ƙari.

Ba wannan cin ne ya cuce ni ba, domin faranti ɗaya ba ya rushe aikin mako shida. Abin da ya cuce ni shi ne maganar da na gaya wa kaina washegari, cewa tunda na riga na karya, ai shi ke nan. Da wannan 'yar magana na koma gidan jiya har mako uku, ina ci ina jin kunya, kunyar kuma tana ƙara tura ni ga cin. Na ma fasa komawa asibiti ranar da aka ba ni, don kada likita ya ga abin da ma'auni zai nuna.

Daga baya na gano ashe ba ni kaɗai ba ne, har masana sun daɗe da nazarin wannan hali. A shekarar 1975 wasu masu binciken halayyar ɗan Adam a Amurka, Peter Herman da Deborah Mack, sun tara ɗalibai mata, suka ba wasunsu haɗin madara mai kauri da zaƙi su sha, sa'an nan suka kawo askirim suka ce kowa ta ɗanɗana yadda take so. Waɗanda ba su sa wa kansu dokar abinci ba, da suka sha madarar sai suka ci askirim kaɗan, domin sun ƙoshi. Amma masu takura wa kansu, da suka sha madarar sai suka fi cin askirim ɗin. Watau da suka ga dokar ta karye, sai suka saki linzami gaba ɗaya. A nawa ra'ayin, wannan ya isa ya nuna mana cewa dokar da ba ta da wurin kuskure ba doka ba ce mai ɗorewa. Wanda ya zame da rana, gyaransa yana kan abincin dare na wannan ranar, ba sai Litinin ba, ba kuma sai sabuwar shekara ba. Kada kuma ya ce zai rama da zama da yunwa yini guda, musamman idan yana shan maganin ciwon suga, don sukarin jini yana iya faɗuwa ƙasa har mutum ya sume. Sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Bari mu ɗan yi lissafi, tunda a makaranta muke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini. Ga baligi wannan ya kama wajen gram 50, ko ƙaramin cokali 12. Da yawa daga cikin lemon kwalba masu gas suna ɗauke da wajen gram 10 a kowane mililita 100, don haka robar rabin lita ɗaya ta cinye rabon yinin duka, ba a ma yi maganar shayin safe ba. Gishiri kuwa hukumar ta ce kada ya kai gram 5 a yini, abin da bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, alhali dunƙulen da muke jefawa uku uku a tukunya gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021, amma ban ga wanda Naira 10 ta hana shi sha ba.

Duk da haka ni ban ɗora laifin a kan lemo ko fanke ba. Laifin na sauri ne. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki wajen minti 20 kafin ya taso daga ciki ya isa ƙwaƙwalwa, mu kuwa a minti huɗu muke gamawa. Mai ci a tsaye, hankalinsa a kan takarda ko waya, ba ya jin ɗanɗano, ba ya sanin ya ƙoshi, kuma abin da ya fi kusa da hannunsa shi zai ɗauka. Ku tuna yadda kakanninmu suke yi. A shimfiɗa tabarma, a wanke hannu, a zauna, a yi godiya ga Allah, yaro ya yi surutu a kwaɓe shi. Mu muna ganin tsohon yayi ne, alhali addu'ar nan ta kafin ci, ko da ta rabin minti ce, takan sa mutum ya dubi abin da ke gabansa kafin ya kai baki.

Wani zai ce, Malam, kana maganar zaɓen abinci a wannan tsadar? Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowane gida ya ji a jikinsa, kuma albashin malami kowa ya san tsawonsa. Amma ku zaga babbar kasuwa ko bakin Ƙofar Ƙaura ku gani, abin da likita yake so mu ci ba shi ne mai tsada ba. Gero, dawa, wake, zogale, rama, kuka, daddawa, gyaɗa, yalo, duk namu ne, a gonakin jiharmu ake noma su. Geron nan da wasu yaranmu suke raina wa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa shekarar 2023 sukutum domin a jawo hankalin duniya ga amfaninsa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko alale, ko ɗan wake da ba a yi masa ambaliyar mai ba, sun fi riƙe ciki a kan burodi da lemo. Fura da nono ma haka, in dai ba a zuba mata sukari ludayi guda ba, mai ciwon suga kuma ya tambayi likitansa yawan da ya dace da shi. Wahalar ɗaya ce, sai an shirya tun dare an zuba a kula, don ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne nake da roƙo ga hukumar makaranta, cikin ladabi. Hutun karin kumallo a bar shi ya zama hutu. Sau da yawa a cikinsa ake kiran ɗan gajeren taro, wanda bai taɓa zama gajere ba, a cikinsa ake karɓar rajista, a cikinsa ake hukunta masu latti. Mu malamai ma muna da namu laifin, mukan riƙe aji minti biyar bayan ƙararrawa don mu ƙarasa darasi. Yaron da ya fito daga Ƙofar Marusa ko Ƙofar Guga tun ƙarfe shida da rabi ba tare da ya sa komai a cikinsa ba, idan aka cinye masa hutu, darasi na biyar barci zai yi, mu kuma mu rubuta a katinsa cewa malalaci ne. Iyayenmu na zumuntar mata kuma, da ke ɗawainiyar girki a bukukuwan ikilisiya, don Allah a riƙa ajiye ruwan sanyi da zoɓo marar sukari kusa da akwatunan lemo, akwai dattawa da yawa da kunya ce kawai take sa su karɓi kwalba.

Ni dai yanzu da ƙararrawa ta kaɗa nakan rufe biro, in juya wa tulin littattafai baya, in buɗe kulata in zauna minti goma sha biyar. Abokan aiki sun yi mini tsiya na ɗan lokaci, yanzu mu huɗu ne a teburin. Makon jiya ma na sake zamewa, wani tsohon ɗalibina ya kawo mini tsire da yamma, ban tsaya ba sai da na ga takarda. Washegari na sha kokona da ƙosai uku kamar kullum, ranar Alhamis kuma na je aka auna ni.