ZAUREN SHARI'A: Ina takardar ta shiga?

Manomi ya bar gonarsa tsakiyar damana, ya biya kuɗin mota, ya zo gidan shari'a saboda rikicin iyakar gona. Sai a ce masa: "Ba a ga takardarka ba, ka komo wani mako." Ya koma gida yana cewa ma'aikatan kotu raggaye ne. Wani lokaci da gaskiyarsa. Amma sau da yawa laifin na tsarin gidan ne.

Ba alƙali kaɗai ke aiki a kotu ba. Akwai magatakarda. Shi ke karɓar ƙara, ya rubuta ta cikin rajista, ya ba ta lamba. Ranar shari'a yana zaune kusa da alƙali, yana rubuta abin da kowa ya faɗa. In an yanke hukunci, shi ke ajiye asalin takardar, shi ke ba mutum tasa. Akwai tafinta, tun da takardun kotu da Faransanci ake rubuta su. Akwai kuma dattawa masana al'ada, waɗanda ke zama da alƙali in maganar ta gona ce, ko aure, ko gado.

To, a ɗauki magatakarda guda, a sa shi gidan da ke da tsari. Kowace ƙara da kundinta, abin da ma'aikata ke ce ma dosiye. Kowane kundi da wurinsa bisa kanta, inda gara ba ta kai, inda ruwan sama ba ya zuba. An liƙa sunayen masu shari'ar ranar bakin ƙofa. Kowa ya san aikinsa, kuma shugaba na duba rajista. Kafin baƙo ya gama shan ruwa an fiddo kundinsa. Ma'aikacin bai sha faɗa ba, hankalinsa kwance, rubutunsa ma ya fi kyau.

A mai da wannan mutum ɗin gidan da aka tula takardu ƙasa kamar damman gero. Shi ne mai karɓar ƙara, shi ne mai rubutu, shi ne mai nema. Safiya duk ta ƙare wajen tone-tone. Jama'a na bakin ƙofa suna gunaguni. Ya gaji, ya fara tsawa. Abin da ya fi muni, wani sai ya miƙa masa goro domin a nemo tasa da wuri, kuma daga nan rashawa ke samun ƙofa. Mutumin bai sake ba, gidan ne ya sake.

Hukuma ta san da matsalar. A watan Nuwamba na 2012 an yi babban taron ƙasa kan shari'a a Yamai, kuma a 2018 an yi sabuwar doka ta tsarin kotuna, wadda ta maye ta 2004.

Sai dai tsarin tun daga ƙauye yake farawa. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo. Rikicin gona, ko na burtali, ko ɓarnar dabbobi, wajen maigari ko sarki ake fara kai shi domin sulhu. In an shirya, a rubuta. In ba a shirya ba, nan ma a rubuta. Wannan takarda ita ke rage wa magatakarda da alƙali wahala, don ba su fara bincike daga tushe. Sarkin da ya yi sulhu da baki kawai ya bar wa kotu aiki biyu.

Wanda ya kai ƙara ya tambayi lambarta, ya rubuta ta da hannunsa, tun da yanzu ya iya. Ya ajiye sammacinsa da takardar sulhu cikin leda, ya zo da su duk ranar da aka kira shi.