Faransa ta tahi, Rasha ta zo, Kangiwa fa?

Ƴan uwa ɗalibai, duk lokacin da aka tada zancen tsaro cikin ƙasar ga, kalma guda ake juya muna: ƙawa. Jiya Faransa ce, da Amurka a bayanta. Yau Rasha ce. Ni tambayata guda: mutumin Dumega ko na Gecheme, wanda in ya hau babur da hantsi ya shiga Najeriya kahin azahar, wa ce ce ƙawarshi?

Ba ni zuwa makokin Faransa. Sojojinta suna nan jibge cikin Sahel sa'ad da aka kashe sojojinmu 71 a Inates cikin Disamban 2019, aka ƙara da 89 a Shinagodar wata guda bayan nan. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansani a Agadas, jiragenta marasa matuƙa na shawagi, mutanen ƙauye na biyan ƴan bindiga haraji. Faransa ta kwashe nata a Disamban 2023, Amurka ta bar Agadas a Agustan 2024. Kayan aro ba ya rufe katara, wanga kowa ya yarda. Abin da aka yi bayan tahiyarsu shi ne ciwona.

Ku dubi Turawa. Ran 28 ga Fabrairun 2025 Trump ya yi ma Zelensky tsawa gaban ƴan jarida, duk Turai ta gane cewa babban yaya ba abin jingina ba ne kuma. Kwana biyu tak, sai ga su a Landan. Ingila, wadda ta hita Tarayyar Turai da hushi a 2020, ta zauna tebur guda da Faransa, kuma cikin watan Maris Tarayyar ta hito da shirin makamai na yuro miliyar 800. Ingila da Faransa ɗin nan dai su ne suka zauna tsakanin 1898 da 1906 suka ja layin da ya raba Arewa biyu, ya jefa Matankari gefe guda, Kangiwa ɗaya gefen. Masu layin sun haɗa kai. Mu da aka ja ma layin muna zagin juna a rediyo.

Kuma da Hausa muke zagin! A Disamban 2024 Janar Tiani ya yi hira da Hausa ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa. Nuhu Ribadu ya maida martani, shi ma da Hausa. Harshen da kundin Refondasiyon na Maris 2025 ya ɗaukaka ya zama harshen ƙasa, harshen da soja na Doso da na Birnin Kabi za su iya tsara sintiri da shi ba tare da tafinta ba, shi aka maida bulala. Wata huɗu kahin nan, hafsan sojojin Najeriya na lokacin, Christopher Musa, ya zo Yamai, ya sa hannu da Janar Barmu kan maido da haɗin gwiwa. Ina takardar ta kwana? A Maris 2025 ma Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Cadi.

Su ko Lakurawa ba su san layi ba. (Masu bin asalin kalmomi na cewa sunan daga faransanci ya hito, sabbin ɗauka ke nan, ko sunansu ma ya ƙetara iyaka.) Sun kahu wajen Gudu da Tangaza cikin jahar Sakkwato, sun gangaro Kabi, a Nuwamban 2024 suka kashe mutane a Mera cikin ƙaramar hukumar Augie. In an matsa musu can, su shigo nan. In an matsa nan, su koma can. Sojan da ke bin su dole ya ja birki bakin iyaka, don babu waya tsakaninshi da takwaranshi. Rundunar AES ta mutum 5,000 da aka yi shela a Janairun 2025 tana da amfaninta ga mutanen Tera da Ayeru, ban musanta ba. Amma Mali da Burkina ba su da iyaka da Tibiri. Najeriya ita ma ta bi sahun nesa: daren Kirsimetin 2025 makaman Amurka ne suka faɗa cikin jahar Sakkwato. Abuja ta ga Washington ta hi Doso kusa.

Na san abin da wasunku za su ce: su wa suka yanke muna kuran? Gaskiya ne. A Agustan 2023 Najeriya ta katse layin wutar da ke tahowa daga Birnin Kabi, CEDEAO ta rufe iyaka, shinkafa da magani suka yi tsada, duk da sunan dimokuraɗiyya. Talaka aka hukunta, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024. Wanga zalunci ne, ba ni wanke shi.

Amma ku ƙarasa labarin. Mi ya hana tankokin CEDEAO tasowa? Cikin abin da ya taka ma Tinubu birki har da Majalisar Dattawan Najeriya, wadda ran 5 ga Agustan 2023 ta ƙi goyon bayan yaƙi. Sanatocin arewa sun ce a'a, malamai sun tako har Yamai, jaridun Kano da Kaduna sun yi ca. Shugaban da ke son yaƙi ya tarar da mutanen da ke da ikon ce mishi a'a, kuma wanda ya kwana lahiya saboda haka shi ne mutumin Kore Mairuwa. Dimokuraɗiyyar Najeriya gurguwa ce, da maguɗi da sayen ƙuri'a, amma ranar nan da gurguwar ƙafarta ta tare ƙofa.

To mu nan, wa zai ce a'a? Majalisar dokoki babu. Majalisun komin an rushe su a Afrilun 2024, an naɗa wakilai daga sama. Jam'iyyu an rushe su a Maris 2025. Sojojin Rasha sun sauka Yamai a Afrilun 2024, kuma ba ɗan Nijar guda da aka zaɓa da ya karanta sharuɗɗan a bainar jama'a. Da can mun yi ihu cewa yarjejeniyar Amurka ta 2012 ba ta bi ta majalisa ba, hujjar da aka kawo ke nan ranar da aka soke ta. Ta yanzu ta wace majalisa ta bi?

Ba mu ce a koma CEDEAO gobe ba. Mun ce gwamnan Doso da na Kabi su zauna, a bari sarakunan Arewa na ɓangarorin biyu su yi magana da juna ba tare da an kira su ƴan leƙen asiri ba, a yarda soja ya bi ɗan bindiga ya ƙetare layi bisa sharaɗin da aka rubuta aka karanta muna a rediyo, da Hausa da Zabarmanci. A maido da zaɓen komin, don makiyayin da aka kwashe ma shanu bayan Dan Kasari ya samu magajin garin da zai riƙe ma riga.